Kogin Jinzu a Bakin Murhun Iya

Kakarmu Iya Dije ba ta taɓa ganin teku ba, amma ta san kogin Jinzu na ƙasar Japan kamar a can aka yanke mata cibi. Da ƙuruciyarta ta yi aikin girki a Kaduna, a gidan wani injiniyan masaƙa ɗan Japan, matarsa ce ta ba ta labarin. Da ta dawo ƙauye sai ta mai da shi tatsuniya. Bayan sallar isha'i mukan kewaye murhu tana gasa mana masara, ni kuwa in nace sai ta yi mana ta dariya.

"Kai maigidan da ba ya cefane, rufe mana baki," in ji ta. "Ga ta nan, yau ta kogi ce."

Ta ce daga kan duwatsu kogin yake gangarowa, ya nufi arewa, ya ratsa fadamun shinkafa, ya faɗa teku a wajen garin Toyama. Can sama aka buɗe ramin haƙar ma'adinai, dattin yana bin ruwa. Mutanen ƙasa suna sha, suna ban ruwa, suna cin shinkafar. Sai ciwo ya kama mata, musamman waɗanda suka hayayyafa. Ƙashi ya yi laushi, har tari kan karya wa mace haƙarƙari. An daɗe kafin a yarda kogin ne. Daga baya aka kwashe ƙasar gonakin, aka zubo sabuwa.

Na ce, "To matan fa, Iya?"

"Gona ana canza mata ƙasa, ɗan nan. Wa zai canza wa mutum ƙashi?"

Yanzu ina birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ina loda wa 'yan kasuwarmu kayan kasuwannin Shahe da Xintang zuwa gida. Bara wani Alhaji daga yankinmu ya zo yana son in aika masa injinan niƙa dutsen zinariya, zai kafa su a bakin rafi, sama da ƙauyenmu. Na ƙi. Na zaunar da shi na ba shi labarin Jinzu kaf. Ya saurara tsaf, ya ce Allah ya kyauta, ya shiga ofishin da ke maƙwabtaka da nawa, aka loda masa.

Da ina yaro na ɗauka wanda ya san labarin ya tsira. Wallahi ba haka ba ne. Na sani, na faɗa, bai tsinana komai ba, sai ƙarin tsoro da ya bar ni da shi. Mahaifiyata da 'yata Hafsatu daga wannan rafin suke sha, da shi kuma ake ban ruwan shinkafarmu.

Jiya na kira Inna. Ta ce ruwan ya ɗan canza, Hafsatu kuma tana yawan ciwon ciki.

"Inna, don Allah ki ɗauke ta ku koma Kano wajen Yaya."

"In bar shinkafa ta fara ciki? Bari dai a yi girbi."

Na sake roƙonta. Ta ɗauka kewar gida ce ta kama ni.

"Kwantar da hankalinka," in ji ta. "Zan ajiye maka buhu guda, na san ba ka jin daɗin ta can."