Gwaggo Rakiya Mai Gyaran Jaka ta Ƙofar Kwaya

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, 14 ga watan Oktoba, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Hajiya Rakiya Salihu a gidanta da ke Ƙofar Kwaya, cikin birnin Katsina, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. An yi mata sutura, aka sallace ta bayan Azahar, aka kai ta makwancinta. Mutanen unguwa sun san ta da Rakiya mai jaka. Ni kuwa tun da na iya magana Gwaggo nake ce mata, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Ƙawar mahaifiyata Hajiya Ladi ce, tun suna 'yan mata masu zuwa ɗibar ruwa tare.

Gwaggo, na daɗe ina juya alƙalami kafin in fara, domin duk inda na kama sai ƙamshin rumfarki ya riga ni. Ƙamshin man kaɗanya ne da kakin zuma da tsohuwar fata. Muna yara, idan Mama ta tafi aiki asibiti, wurinki ake ajiye mu. Kina zaune bisa tabarma kin miƙe ƙafafu, jaka a cinyarki, ga basilla da zare, ga tsummoki masu laushi da kika yanka daga tsofaffin zannuwa. Kin sha ba mu labarin mahaifinki baduku, yadda kike laɓewa a bakin zaure kina kallon hannunsa, har ranar da ya gaji da korarki ya miƙa miki guntun fata ya ce ki gwada. Ba ki taɓa buɗe shago ba. A cikin ɗakinki da rumfarki kika yi aikin nan sama da shekara arba'in, kuma matan gari da ƙafarsu suke nemo ki.

Jakunkunan da ake kawo miki ba na yayi ba ne. Waɗanda suka kwana biyu ne a gindin adaka: ta wadda mahaifiyarta ta rasu ta bar mata, ta wadda aka sawo mata daga Makka tun zamanin da alhazai ba su da yawa, ta malamar makaranta da ta yi ritaya. Sukan zo sun yi funfuna, sun bushe, maratayinsu ya tsinke. Kafin ki taɓa, sai kin sa mai ita ta zazzage aljihunan da hannunta. Daga nan ki fita tsakar gida ki kakkaɓe funfunar, ki goge da tsumma mai ɗan danshi, ki cusa tsummoki a ciki don kada ta lotse, ki ajiye ta a inuwa. Abu biyu ne suke tayar miki da rai: a tsoma jakar fata a bokiti, ko a shanya ta a rana. Na ga manyan hajiyoyi sun yi tsuru-tsuru a gabanki kina yi musu faɗa kan wannan, sannan ki sa a kawo musu fura.

Ina tuna Maman Precious, maƙwabciyarku mutuniyar Kafanchan, da ta kawo jakar da mahaifinta ya ba ta ranar aurenta. Maratayin ne ya lalace. Ta ce ko wane iri ne ki sa mata, ita dai ta samu ta riƙe zuwa coci. Kika ƙi. Kika yi watanni kina cigiya, har ƙaninki Babaji ya samo miki wata tsohuwar ɗamarar fata a Batagarawa wadda launinta ya zo daidai. Ranar da ta zo karɓa ta yi ta dubawa ba ta ga inda kika haɗa ba, sai ta zauna a bakin tabarmarki tana share ido.

Amma abin da ya sa na ga wajibi ne in yi wannan rubutu shi ne abin da kika yi wa Mama.

Shekara huɗu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta. Ɓangaren dama ne ya tafi, hannu da ƙafa, harshe ma ya yi nauyi. Matar da ta yi shekaru talatin tana aikin ungozoma a asibiti, wadda hannunta ya karɓi haihuwar rabin yaran unguwarmu, sai ga shi ba ta iya kai loma bakinta. Da aka sallame mu daga asibiti na ɗauko ta zuwa gidana a GRA. Likitoci sun ce akwai fata hannun zai motsa idan ta dage da motsa shi, har suka ba ta wata 'yar ƙwallon roba ta riƙa matsawa. Ta sa hannun hagu ta tura ta ƙarƙashin gado. Ta juya fuskarta bango. Abinci sai an yi da gaske, masu dubiya kuwa ta ce kada a bar kowa ya shigo ya gan ta haka. Ni da yayana muka yi lallashi, muka yi kuka, muka kawo malamai suka yi mata nasiha. Tana ji, ba ta musu, amma kullum ƙara ramewa take yi. Na fara jin tsoron ba ciwon ne zai ɗauke ta ba, fid da rai ne.

Ke ma sau biyu kina zuwa tana cewa a ce miki barci take yi. Ba ki yi fushi ba. A zuwa na biyun kika tsayar da ni a bakin ƙofa kika tambaye ni dalla-dalla abin da likitoci suka ce a yi wa hannun. Na gaya miki. Kika gyaɗa kai, kika tari kurkura, wato keke-napep, kika koma.

Ashe gidanmu na cikin gari kika wuce, kika sa yayana ya buɗe miki adakar Mama. Jakarta ta aiki kika ɗauko, ruwan ƙasa mai maɓallin tagulla, wadda marigayi Baba ya saya mata shekarar da ta kama aiki. Tun da ta yi ritaya ba a ƙara waiwayarta ba. Damina bayan damina ta bi ta kanta, ta yi fari fat da funfuna, ta ƙandare kamar ƙirgi.

Da kika dawo ba ki nemi izni ba. Sallama kawai kika yi kika ɗaga labule, kika aza jakar a kan gado kusa da fuskarta.

"Ladi, dubi abin da kika bari ya zama."

Mama ta daɗe tana kallon jakar. Sannan ta ce, da harshen nan nata mai nauyi, a kai bola, ta gama aikinta kamar yadda mai ita ta gama.

"Ban taɓa yar da fata ba, kuma ba da taki zan fara ba," kika ce. "Amma idona ya yi rauni, yatsuna ciwo suke. Ban iya ta ni kaɗai. Ke za ki kama mani."

Ba ta dai ce ki fita ba. Daga nan aka fara. Kusan kullum da hantsi sai ga ki da 'yar ledarki ta kayan aiki. Kin fara da kakkaɓa da gogewa a waje, kina ɗaga murya ta taga kina ba ta labarin inda aka kai. Da aka zo shafa mai, sai kika naɗe tsumma a hannun nan da ba ya motsi, kika lakuto man kaɗanya, kika ɗora naki hannun bisa nata, kuna murzawa a hankali, zagaye-zagaye. Bakinki kuwa bai huta ba. Kin tuna mata malaminku na allo da yadda kuke ɓoye masa bulala. Kin tuna mata ranar da aka kai ta ɗakin miji ta manta takalminta ɗaya a gida. Kin riƙa lissafo mata matan da ta karɓi haihuwarsu, ki ce wance ɗanta ya zama soja, wance ɗiyarta ita ma ta haihu. Ina daga falo ina jin muryarki ke kaɗai, kwana da kwanaki, har ranar da na ji ta gyara miki sunan wata mata da kika faɗa ba daidai ba. Ban sani ba ko da gangan kika yi kuskuren.

Ba kullum ne aka wanye lafiya ba. Akwai ranar da ta gaji, ta sa hannun hagu ta ture kwanon man ya kife a ƙasa, ta ce kin mayar da ita abin wasa, kada ki sake zuwa. Na ji kunya kamar in nutse. Kika duƙa da gwiwoyin nan naki masu ciwo kika kwashe man, kika goge wurin, kika yi mata sai da safe. Na raka ki ina ba ki haƙuri, kika ce in bari, wanda ya samu ƙarfin yin faɗa ai ya fara samun sauƙi. Washegari kika zo da wani kwanon.

Aka shiga sanyi kuna kan jakar nan. Fata ta sha mai ta yi laushi, launinta ya dawo. Kika sake mata shafi na ciki, Mama tana danne bakin yadin kina ɗinki. Ɗiyarki Sumayya ce ta gaya mani daga baya cewa irin wannan aikin ba ya ɗaukar ki fiye da mako guda, kuma sau da yawa idan kin tafi da jakar gida sai ki warware ɗinkin da kuka yi, don a samu na gobe. Ban taɓa nuna miki na sani ba.

Maɓallin ne kuka bari ƙarshe. Kika goge shi da toka da lemun tsami har ya yi ƙyalli, kika rufe, kika tura mata jakar kika ce ta buɗe ki ga ko ya gyaru. Ta kai hannun hagu, kika riƙe shi. Ina tsaye a bakin ƙofa da tiren abinci. Babban yatsanta na dama ya yi ta zamewa yana komawa, gumi ya tsattsafo mata a goshi. Da maɓallin ya yi ƙara ya buɗe, ke ce kika fara kawar da kai.

Hannun bai dawo duka ba, kuma har yau tana jan ƙafa. Amma da shi take cin abinci, da shi take jan carbi. Ta koma ganin likita da kanta, har ta sa aka zaro ƙwallon nan daga ƙarƙashin gado. Fitarta ta farko cikin jama'a kuwa gidanki ce, ranar sunan ɗan Sumayya. Ta shiga tsakar gida da sanda, jakarta a kafaɗa, mata suka miƙe tsaye. Da ta zauna ta ce a ba ta jaririn. Aka shiga kallon juna. Ke kika ɗauko shi kika aza mata a hannu biyu, kika koma wurin zamanki ba tare da kin tsaya tallafa mata ba.

Ranar Talatar nan ɗanki Aminu ne ya kira ni ina ofis. Na kamo hanyar gida ina neman kalmar da zan gaya wa Mama, ban samu ba har na iso. Da ta ga fuskata ta gane. Ta yi salati, sannan ta ce in ɗauko mata mayafi. Mun tarar ana shirin yi miki wanka. Ta ce da ita za a yi. Matan suka fara ba ta baki, suna cewa ta zauna ta huta saboda jikinta. Ta ɗaga hannunta na dama ta nuna musu.

"Wannan ai nata ne. Ku bar shi ya yi mata aiki."

Aka matsa mata. Ita ta riƙa zuba ruwa har aka gama, butar ba ta kuɓuce mata ba.

A madadin Mama da dukan gidanmu, ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanki, Aminu da Sumayya, da jikokinki, da ƙaninki Malam Babaji da iyalansa na Batagarawa, da jama'ar Ƙofar Kwaya baki ɗaya. Iyalan sun roƙi in sanar cewa akwai sauran jakunkuna a ɗakinki, wasu an gama, wasu ba a kai ga gamawa ba, masu su su zo su karɓa a hannun Sumayya.

Ya Allah, baiwarKa Rakiya ta zo gare Ka. Ka gafarta mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ka sa jinyar da ta yi ta zama kaffara, Ka tausaya mata fiye da yadda ta tausaya wa bayinKa. Ka sada ta da iyayenta da mijinta Malam Yahaya a Aljannar Firdausi. Ka ba waɗanda ta bari haƙurin rashinta, Ka ba Mama juriyar zama ba ƙawarta. Mu kuma idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.

Fadila Hussaini
GRA, Katsina