Sukarin da Na Watsa a Murhu

Ku matso, 'ya'yana, ku ba ni kunnuwanku. Ban yi boko ba, jikata ce ke rubuta abin da bakina ke faɗi.

Zamanin da naira ta shigo sabuwa, ni matar manomi ce a wani ƙauye kusa da Kagoma, mace mai kafiya. Ɗana na fari, saurayin da ke kaɗa ganga a coci, ya fara ramewa, ga ƙishirwa, ga yawan fitsari. Ƙanwarsa ta raka shi asibiti a Kafanchan, suka dawo da allura, an ce ciwon sukari ne. Cikin duk bayanin da suka yi mini, abu ɗaya na riƙe: zaƙi ne maƙiyinsa. Na raba shi da rake da kunu mai sukari, sai tuwon acca da miyar ganye. Ya murmure kuwa, har matan zumuntar coci suna yaba mini.

Ana jibi Kirsimeti ina wanke wandonsa, sai ga ƙwayoyin sukari ƙulle a aljihu. Ya ce malamar asibiti ce ta ce ya riƙa yawo da su. Na ce ƙaryar kwaɗayi ce, na watsa su a murhu.

Ranar Kirsimeti ya yi allurarsa, ya ɗan taɓa abinci, ya rataya ganga. An sha rawa ranar nan! Gida-gida muke bi, mata na guɗa, ni ce a gaba ina juyi, ina nuna wa kowa ɗana. Sai kiɗan ya rikice. Ina waigawa na ga gumi ya jiƙa shi, sai ya zube ƙasa. Wasu suka ce iska ce, dattawan coci suka kama addu'a. Ƙanwar ta ruga ta dawo da zuma. Na cafke hannunta, na ce kashe shi za ta yi? Ta ce, "Mama, ki sake ni, sukarin jikinsa ne ya faɗi." Ta fizge, ta shafa masa a dasashi. Ba a kai ga amin ba, sai ya buɗe ido, yana neman gangarsa.

Ashe rabin magana na ji, na ɗauka duka ce. Iyaye, wanda ke kan allurar nan, yunwa da gajiya ma suna kayar da shi. Ku je asibitin da ƙafarku, ku yi tambaya har ku gane.

Shi dai ya yi aure, ya goya 'ya'yansa kafin Ubangiji ya kira shi. Ƙanwar ita ce uwar mai rubutun nan. Ni kuwa, har yau akwai sukari ƙulle a bakin zanena.