Ranar da Baba Ya Kai Inna Ƙofar Masaƙa

Jiya Inna ta tambaye ni ko watan Rajab ya kama. Da na ce ya kama, sai ta juya fuskarta bango. A watan nan aka ɗaura aurensu da Baba.

Duk Rajab, Baba yakan sayo tsire mai ƙuli da yawa, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gidanmu na Panshekara, mu ci gaba ɗaya. Yakan ce, "Aure kunu ne, ba a barinsa ya huce."

Shekarar da auren ya cika ashirin da biyar, ya ɗauko shatar tasi, ya kai mu Challawa. Inna ta daɗe tana wanke masa kayan aiki, amma ba ta taɓa ganin masaƙar ba. Muka tsaya a bakin ƙofa, ƙarar injuna tana girgiza ƙasa, warin rini yana shiga hanci.

Inna ta ce, "Nan kuke wuni, Malam?"

Ya ce, "Nan ne. Amma ana rage ma'aikata, ranar Juma'a za a sallame mu. Na so ki gani kafin nan."

Ta miƙa hannu ta cire wani zare daga hularsa, ta ce, "To, sai mu riƙa cin abincin rana tare."

Ba su daɗe suna ci tare ba Allah ya karɓi abinsa. Har yau Inna ba ta iya cinye kwanonta.

Allah ya haskaka kabarinsa, ya sada su a Aljanna.