'Yar Farar Baba

Shekarar da sojoji suka koma bariki aka gano Baba yana da hawan jini. Mahauci ne a mayankar Oko-Oba, kuma sai da jiri ya kwashe shi a gaban abokan sana'a kafin ya yarda aka kai shi asibiti. Likita ya rubuta masa wata ƙwaya ƙarama, fara. Ya ce aikinta ta sassauta jijiyoyi don jini ya wuce ba da ƙyar ba. Ba ta warkarwa, danne ciwon take yi, ranar da aka bar ta zai taso. Tun rasuwar Inna ni nake zaune da Baba a gidanmu na Agege, don haka ni nake miƙa masa ita kowace safiya da koko. Sunanta na Turanci bai taɓa zama a bakinsa ba. 'Yar fara yake ce mata, kuma sun saba.

Ana nan sai rediyo ya cika da maganar jabun magani, kullum ana cewa kowa ya duba lambar hukuma a jikin kwali. A daidai lokacin na je kemis ɗin da muke saye. Mai kemis, wata Bayarabiya mai haƙuri, ta miƙo min kwali, na buɗe na ga ƙwayoyi ruwan ɗorawa. Ta ce farar ta ƙare, amma maganin ɗaya ne, kamfani ne ya bambanta, launin kuma ado ne kawai. Ta nuna min lambar, ta ce ba a bayar da ita sai an kai maganin ɗakin gwaji an tabbatar abin da aka rubuta yana ciki, daidai gwargwado.

Baba ya juya ƙwayar a tafin hannunsa kamar mai duba hanta. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

"Uwata, an cuce ki. Wannan ai ita ce jabun da ake faɗa."

"Baba, abeg, dubi lambar mana. Wallahi duk abu ɗaya ne."

"Lamba ko ni zan iya rubutawa. Da launi nake gane kaya tun ba a haife ki ba. Ku 'yan Ikko, in aka yi muku Turanci shi ke nan an gama da ku."

Na yi lallashi, na yi faɗa, na kai ƙara wurin limamin unguwa. Har daka ta na yi na zuba a koko, ya gane, ya koma karyawa a wurin mai shayi. Ban taɓa jin haushin mutum irin na lokacin nan ba. Ga magani, ga mara lafiya, launi kaɗai ya shiga tsakani.

Wata yamma ya dawo yana murmushi, ya kwance ƙullin takarda a gabana. Wani mai tallan magani a cikin bas ɗin haya na molue ya samo masa 'yar fara. Girmanta ɗaya da ta da, har tsagar tsakiyar, amma babu kwali balle lamba.

"Ba an ce ta ƙare ba? To ga ta."

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yanzu ba sai an tuna masa ba. Kullum da asuba zai haɗiye ta da bisimilla. In na ce mu je a auna jinin, sai ya ce kansa ba ya ciwo. Na ce likita ya faɗa ciwon nan ba ya sallama, ya ce in bar shi ya ji labarai.

A mayanka ya faɗi, wuƙa a hannu. Ɓarin damansa ya shanye, bakinsa ya karkace. Bayan an sallamo shi na kwashi ragowar ƙwayoyin na kai wa mai kemis. Ta goga ɗaya a kan kantar shagon, sai ga farin layi ya fito. Alli ne.

Na dawo gida a fusace, na tsara duk abin da zan gaya masa. Na same shi a tabarma da kwanon tuwo a gaba, yana ta kokawa da tsoka ɗaya da hannun hagu, tana suɓucewa. Ya ɗago ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Na ɗauko wuƙar yanka albasa na zauna kusa da shi, na yayyanka masa naman ƙanana.