Jan Ɗigo a Kan Gidan Maman Bulus

Har gobe ban manta da ranar da manyanmu suka zo Bunkure nuna wa jama'a sabon rumbun bayanan lafiya na ƙasa ba. Lokacin ni ne mai ɗibar jini a wani bincike kan ciwon hanta. Ƙa'idar aikin ita ce a ɗebi jini, a cire suna, a sa lamba, a tura sakamakon cikin rumbun nan na kwamfuta da masu bincike kaɗai ke leƙawa. Wayar aikin kuma da kanta take ɗaukar wurin da aka tsaya.

Maman Bulus, 'yar Filato mai sayar wa 'yan ƙwadagon shinkafa abinci, sai da na rantse mata kafin ta miƙo hannu. Ta ce, "Malam Nasiru, in aka ji ina da wani abu, wa zai ci tuwona?" Na ce, "Ko ni ba zan gane naki ba."

Ranar taron, a makarantar firamare, Darakta ya sha babbar riga ya yi ta zuba bayanin makullan rumbun, har ya ce ko aljani ba zai ga sunan kowa ba. Aka tafa. Daɗin tafin ya kwashe shi, ya sa aka haska taswirar yankinmu a bango, ga hanyoyin ruwa, ga gonaki, ga jajayen ɗigo.

Wani dattijo ya ɗaga sanda. "Ranka ya daɗe, wancan jan na bakin gada fa?"

"Mai ɗauke da cutar ne, Baba. Amma ka ga suna?"

"Ban gani ba. Sai dai gida ɗaya ne a wurin."

Gidan Maman Bulus ne. Kafin la'asar zance ya gama gonaki. Na bi 'yan ƙwadago ina rantsuwa cewa wannan ciwon ba a ɗaukarsa a tuwo, suna cewa "haka ne, Malam", suna wucewa wajen mai ɗanwake. Kafin girbi ta kwashe tukwanenta ta bar garin. Ko sallama ba ta yi min ba, ban kuma ga laifinta ba.

Rahoton taron ya ce babu sunan da ya fita. Wallahi ba su yi ƙarya ba, abin da ke ƙona min rai ke nan.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, manyanmu suna kulle suna ne, mutanenmu kuwa ƙofar gida suka sani. Ni dai tun ranar, kafin in yi wa mutum alkawarin sirri, sai na duba ko yana da maƙwabta.