Gwajin Hita a Siton Alhaji Sabi'u

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da yinin da na kai wa manya tuwo cikin sito ba. Ku da kuka kama aikin kago, wato aika kaya ta jirgi, bayanmu kun sha jin labarin, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. To ga shi daga bakina. Ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa, in na tsaya to kuka ne ya tare ni, ku yi mini uzuri.

Lokacin ana cikin haƙar hanyar jirgin ƙasan Dubai, ba a kai ga ɗora shi ba. Ni da maigidana, Malam, Allah ya jiƙansa, muna aiki a ofishin kago na wani Bakano, Alhaji Sabi'u, a Al Khabaisi. Ni ce mai girki, ina yi wa 'yan kasuwar da suka zo sari tuwo da rana. Malam kuwa shugaban sito ake kiransa, amma shi ne mai ɗauka, shi ne mai ɗauri. Bizarmu a hannun Alhaji take, ɗakin da muke kwana a Hor Al Anz ma shi ke biya.

Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. Ɗan kasuwa ya sayi kaya a kawo sito. Duk abin da ke aiki da wuta sai an jona shi an gwada, don in ya haye teku ya sauka Legas babu mai dawo da shi. Bayan gwaji a mayar kwali, a ɗaure, a auna, a loda kwantena. Dutsen guga ko rediyo, kafin ka ce wani abu an gama da shi.

Sai ga wani dillali, Ilyasu, mutumin Damagaram, wanda ya yi karatun Faransanci kuma ba ya bari a manta. Kullum cikin kwat yake, ko da kwalta na narkewa. Ya kawo wani Alhaji daga Jos da ya sayi hita ta ɗumama ɗaki cike da kwantena, zai kai wa otal-otal da gidajen manya. Ba irin mai jan ƙarfen nan da muka sani ba. Fara ce, mai haƙarƙari kamar na saniya, da mai a rufe a cikinta, tana tafiya a kan tayoyi. Ilyasu ya tsaya tsakiyar ofis, sanyin esi na kaɗa masa wuya, yana wa'azi. Ya ce ba ta hayaƙi, ba ta ƙona labule, ba ta busar da maƙogwaro, in ɗaki ya yi ɗumi da kanta take kashe kanta don kada ta sha wuta. Babban abin alfaharinta kuma, ko an cire ta daga soket tana daɗewa tana fitar da zafi. Yana faɗa yana cewa "wala, kalite" da Faransancinsa, Alhazai na gyaɗa kai kamar sun ji karatu.

Ina shaida muku duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Mu muka ga gaskiyar, a tsakiyar watan da ko ruwan famfon sanyi ba a iya alwala da shi sai an tara ya huce.

Alhajin Jos ya ce kowace ɗaya sai an gwada, a murɗa ta ƙarshe, a bari haƙarƙarinta ya ɗau zafi duka a ga ko mai na yoyo. Da aka jona kaɗan tare da esin sito, wuta ta ɗauke. Sai Alhaji Sabi'u ya yanke hukunci a kashe esin. Ya kuma ce a sauke ƙofar sito, don kada 'yan kagon maƙwabta su leƙo su ga kayan su je su saro irinsa. Hita mai zafi kuma ba a mayar da ita kwali sai ta huce, ita kuwa ba ta san hucewa ba. Sai hitocin suka jeru a bango suna numfashi, Malam a tsakiyarsu.

Malam yana da hawan jini. Ni na sani, shi ya sani, Alhaji Sabi'u ma ya sani, sai dai ba a faɗa, don mai ciwo ba a sabunta masa biza. Da na kai masa ruwa na tarar singiletinsa kamar an tsamo daga baho, idonsa ja, yana laluben soket da hannu yana kuskurewa. Na ce ya fito. Ya ce, "Hauwa, ki koma kan tukunyarki. In na fito yau, gobe wani zai shiga, mu kuma mu shiga jirgi."

Washegari na samu Alhaji Sabi'u a ofis na durƙusa na roƙe shi a ɗaga ƙofar ko a bari sai zafi ya sauka. Ko ɗaga kai daga wayarsa bai yi ba. Ya ce jirgin ruwa ba ya jiran kowa, Malam namiji ne, a gida ma ai noma yake cikin rana. Ilyasu ya ƙara da cewa zafin wannan hita mai lafiya ne, Turawa har jarirai suke kwantarwa kusa da ita.

To akwai abin da Alhaji ke tinƙaho da shi gaban kowane baƙo: wai a ofishinsa babu babba babu yaro, tire ɗaya ake ci kamar a gida. Da azahar ta yi na tuƙa tuwon shinkafa, na kaɗa miyar kuka na zuba mata yaji ban ji tausayi ba. Na wuce ofis da tiren, na shiga sito ta ƙaramar ƙofa, na shimfiɗa tabarma tsakanin hitocin. Na dawo na ce abinci na ciki.

Alhaji ya ce me ya kai shi can.

Na ce, "Ranka ya daɗe, Malam ba shi da izinin fitowa, kai kuma ka ce ba a raba tire. Na ji kunyar baƙo ya koma Jos ya ce magana ce kawai."

Alhajin Jos ya yi dariya ya ce wallahi haka ake so, ya miƙe. Ya za su yi? Alhaji Sabi'u da Ilyasu suka bi shi.

Ni dai ina bakin ƙofa. Loma ta farko aka yi da hira. Kafin a kai tsakiyar malmala Alhaji Sabi'u ya cire hula, ya cire babbar riga, gumi na ɗiga daga gemunsa cikin miya. Ilyasu ya ƙi cire kwat don kada a ce kayansa ne suka kore shi, ya zauna yana sheƙi kamar kifin da aka soya, yana nuna wata hita da aka cire tun hantsi yana cewa a taɓa a ji, har yanzu da ɗumi. Babu wanda ya taɓa. Malam kaɗai ke cin tuwonsa a hankali, don shi ya riga ya saba.

Can Alhajin Jos ya ajiye hannu ya ce, "Kalas, shi ke nan. Na gamsu, kaya na aiki. A ɗaga ƙofar nan don girman Allah, a loda sauran haka nan."

Abin da roƙona bai yi ba, rabin malmala ta yi. Aka ɗaga ƙofa, aka kunna esi, manya suka ruga ofis suna neman ruwan sanyi.

Amma an makara. Bayan la'asar Malam na ɗaure kwali igiya ta suɓuce masa. Ya sunkuya ɗauka, hannun ya ƙi. Na kira shi ya juyo, na ga bakinsa ya karkace. A asibiti suka ce ɓarin jikinsa ya shanye. Ku dakata mini kaɗan.

Alhaji ya zo dubiya sau ɗaya, ya ce ciwo na Allah ne, kuma haka ne. Biza ta ƙare ba a sabunta ba. Ranar da za mu tafi ya ce yana da alheri gare mu, ba zai bari mu koma hannu rabbana ba. Aka turo mana hita ɗaya, wadda kwalinta ya lotse Alhajin Jos ya ƙi karɓa.

Na so in bar ta a filin jirgi, Malam ya hana. A Funtuwa muka zauna, kuma in sanyi ya shigo ɓarin nan nasa da ya mutu kamar ƙanƙara yake zama. Duk sa'ad da aka kawo wuta sai in jona ta in tura kusa da gadonsa. Ba hayaƙi, ba tari, in an ɗauke wutar kuma ta ci gaba da ɗumama shi. Yakan ɗora mata hannun da rabin bakinsa yana dariya ya ce, "Ilyasu bai yi ƙarya ba." Ta yi masa hidima har Allah ya karɓi abinsa. Ko tsine mata ban samu damar yi ba.

Abin da na koya ke nan a kago. Kaya ba su cuci kowa ba, masu su ne ba sa jin zafi sai ya taɓa fatarsu, don haka in kuna da kuka kada ku kai shi ofis, ku nemi hanyar da za ku shigo da su sito. Ni da ban san baƙi ba na san hoton kofin gilashin da ake bugawa a jikin kwali, wai a ɗauka a hankali kada ya fashe. Na yi shekaru a wannan aiki, ban taɓa ganin an damu da wanda ke ɗauke da kwalin ba.