Matuƙin da ya ƙi karɓar saƙona

Shekara talatin abin nan yana cina a rai, yau sai na amayar.

Lokacin ina tuƙin tasi, muna zaune a unguwar Highbridge, can ƙetaren teku. Ishaya, ɗan garinmu da ke saman bene, aikinsa kai ƙananan jirage ƙetaren teku wurin masu saye. Na ji zai kai wani jirgi Najeriya, na kinkimo keken ɗinkin da na yi wa 'yata da ke gida alkawari.

Ya ce, "Kawu, kujerun ma na cire, tankokin mai na jera a wurinsu."

Na ce, "Yaushe matafiyi ya fara ƙin saƙo? Ɗora a cinyarka!"

Ya yi dariya. "In mai ya ƙare tsakiyar teku, keken zan taka in ƙarasa?"

Kuma sai da ya kwana tara wai yana jiran iska ta juya. Keken bai isa gida ba sai da yarinyar ta yi aure ta haihu.

Ban yi boko ba, amma na ga akori-kura ɗauke da shanu da masu shanun. Matuƙan jirgi, ku fito ku amsa min: keke ɗaya ne zai nutsar da jirgi?